Mahaddacin Alƙur'ani da Ƙarancin Kalmomin Turanci

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar kammala sakandare ya fito, akwai iyayen da ke jiran mu a ƙofar masallaci bayan sallar Asuba. Kokensu iri ɗaya ne: yaro ya haddace izu sittin, ya ci Larabci da darasin addini, amma Turanci ya kayar da shi, ga shi kuma jami'o'inmu suna neman kiredit a Turanci ko da Shari'a yake son karantawa. A jarrabawar JAMB ma, tambayoyi 60 cikin 180 na Turanci ne, kuma babu ɗalibin da aka ɗauke wa su.

Idan muka zauna da waɗannan yara, sau da yawa sai mu tarar ƙa'idojin nahawu suna kansu, kalmomi ne suka yi musu ƙaranci. Masanin koyar da harshe Paul Nation, na ƙasar New Zealand, ya nuna cewa mai karatu yana buƙatar sanin kimanin kashi 98 cikin 100 na kalmomin shafi kafin ya fahimce shi ba tare da taimako ba. Wato baƙuwar kalma ɗaya a cikin hamsin. Yaron da ke cin karo da baƙuwa a kowane layi kuwa, ko da ya kai ƙarshen shafin, bai san abin da ya karanta ba.

Wasu iyayen sukan sayo ƙamus su ce a haddace shi daga farko. Mun ga masu himmar da suka gwada. Ba mu ga wanda ya wuce harafi na biyu ba.

Abin da ke ba mu takaici shi ne, ɗalibin Islamiyya yana riƙe da dabarar da takwarorinsa ba su da ita. Wanda ya karanta Sarfu ya san cewa daga kaf da ta da ba aka samo kitabu da katibu da maktabu da maktaba. Kalmomin Turanci na ilimi, waɗanda yawancinsu daga Latin da Girkanci suka fito, su ma haka aka gina su. Tushen scrib ko script yana nufin rubutu, daga gare shi aka sami describe da prescribe da manuscript. Tushen port yana nufin ɗauka: a sa masa ex a gaba ya zama export, fitar da kaya, a sa im ya zama import, shigo da su, a sa trans ya zama transport, sufuri. Tushe ɗaya ya buɗe ƙofa uku ko huɗu. Mun taɓa rubuta wannan a allo ga wasu 'yan aji shida, sai ɗaya ya ce, “Malam, ashe su ma suna da ishtiƙaƙi?” Mamakinsu ya ƙaru da suka ji cewa algebra daga aljabru take, a sunan littafin Al-Khawarizmi, cotton daga ƙuɗunu, magazine kuma daga makhazin.

Dabara ta biyu ita ce tilawa. Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya wallafa bincikensa a 1885, inda ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan koyo, kuma maimaici a kan tazara ke rage ta. Alarammomin tsangaya ba su jira shi ba: ba a wanke allo sai karatu ya zauna, kuma ba a barin tsohuwar hadda don sabuwa. Kalma biyar a rana, kwana shida a mako, sun haura 1,500 a shekara, muddin ana bitar na jiya da na makon jiya, kuma kowace kalma an rubuta ta a cikin jimlar da aka tsince ta.

To, waɗanne kalmomi za a fara da su? An riga an yi mana wannan aikin. Michael West ya fitar da jerin kalmomi kimanin 2,000 da aka fi amfani da su a 1953, Averil Coxhead kuma ta tattara iyalan kalmomi 570 da suka fi yawo a littattafan jami'a a shekarar 2000. Ana samun su a intanet. Ƙamusun Turanci zuwa Hausa na Roxana Ma Newman, na 1990, zai taimaka wa mai neman yadda ake faɗin abu da Hausa. Sai a haɗa da karanta gajerun labarai masu sauƙi kullum, domin a nan kalma ke sake bayyana har ta zama 'yar gida.

Akwai iyayen da har yanzu zuciyarsu ba ta kwanta da harshen ba. Muna tunatar da su cewa Manzon Allah, Sallallahu alaihi wa sallam, ya umarci Zaidu ɗan Sabit, Allah Ya ƙara masa yarda, da ya koyi rubutun Yahudawa domin ya riƙa karanta masa wasiƙunsu yana rubuta amsa, ya kuma ƙware cikin kimanin rabin wata.

Roƙonmu ga shugabannin Islamiyyu shi ne su ware minti goma sha biyar bayan darasin Sarfu, kowane ɗalibi da ƙaramin littafinsa na kalmomi, malami ya saurari bitar a ƙarshen mako kamar yadda yake sauraron hadda.