Awon Ƙarfin Inji: Abin da Ke Sa Allura Ta Yi Ƙarya

Jama'a masu saurare, shirinmu na wannan mako ya tsaya ne kan motar hannu, irin wadda ake saye don jigilar dabbobi da buhunan hatsi tsakanin Maraɗi da Jibiya, ko Ƙonni da Illela. Kafin a biya kuɗi, bakanike kan cire fulogi, wato buji a bakin mutanen Nijar, ya ɗaura geji a ramin, a murza makulli, allura ta nuna ƙarfin da fistin ke matse iska. To, a nan ake yawan cutuwa, don allurar ba lafiyar inji kaɗai take faɗa ba.

Batir in ya yi sanyi, inji ba ya juyawa da sauri, iska ta samu lokacin sulalewa, sai awo ya faɗi. Haka in ba a take totur har ƙasa ba, ko aka auna da sassafe inji bai ɗumama ba. Mai mota ya ga lamba ta yi ƙasa, a ce masa sai an sauke inji, alhali lafiyarsa ƙalau. Akasin haka ma na faruwa: tsohon inji da baƙin dauɗa ya taru a kan fistin yakan nuna lamba mai kyau.

A lura da ma'auni kuma. Wani gejin bar yake ƙirgawa, wani PSI, bar 1 kuwa kusan PSI 14.5 ne. Injin fetur mai lafiya yakan ba da bar 9 zuwa 12. Amma a ganinmu abin dubawa shi ne tazarar da ke tsakanin silinda da 'yan uwanta. In ta wuce kashi 10 cikin 100, malam, dakata da ciniki.

In guda ta gaza, a zuba mata baƙin mai cokali ɗaya a sake aunawa. Allura ta tashi? Zoben fistin ne ya cinye. Ba ta motsa ba? A tuhumi bawul. In kuwa biyu maƙwabta suka faɗi tare, galibi gaskit ne ya ƙone a tsakaninsu.

Masu Hilux ta dizal, wannan dabarar mai ba taku ba ce: matsin dizal ya ninka na fetur, man kan iya kamawa da wuta, gejinsa ma daban yake.