3.2 Yadda Kanel na Linux Ke Bi da Kurakuran Cifset

Kamar yadda aka bayyana a baya, kanel shi ne ɓangaren manhajar tafiyar da kwamfuta wanda ke mu'amala kai tsaye da kayan na'ura. Cifset kuwa rukuni ne na ƙananan na'urori da aka dasa a jikin babban allon kwamfuta, masu kula da kai-da-kawon bayanai tsakanin furosesa da faifan ajiya da sauran kayan da aka jona. Idan aka ƙera cifset da kuskure har ya shiga kasuwa, to bakin alƙalami ya bushe, domin ba a goge abin da aka zana a jikinsa. Abin da ya rage ga kanel shi ne ya gane mai lahanin, ya kauce wa lahanin nasa.

3.2.1 Gane Na'ura Mai Lahani

Kowace na'ura da ke kan hanyar PCI tana ɗauke da lambobi biyu, wato lambar kamfanin da ya ƙera ta da kuma lambar ita kanta na'urar. Alal misali, lambar Intel ita ce 8086, ta VIA kuwa 1106. A lokacin da kwamfuta ke tashi, kanel yakan karanta waɗannan lambobi, ya gwada su da jerin na'urorin da aka san suna da matsala. Da yawa daga cikin gyare-gyaren suna cikin wani fayil mai suna quirks.c, wasu kuma a cikin manhajar da ke tuƙa na'urar. In lambobin suka dace sai a aiwatar da gyaran, in ba su dace ba sai a wuce.

3.2.2 Misalai

A tsakiyar shekarun 1990 an sami alluna masu yawa ɗauke da CMD640, mai kula da faifan ajiya. Wannan na'ura tana da hanyoyi biyu, amma idan aka yi aiki da su a lokaci guda sai bayanai su gurɓata. Saboda haka Linux ya tilasta musu yin aiki bi da bi. Takwararta RZ1000 ita ma tana lalata bayanai idan ta yi karatun gaba, wato ɗebo bayanai tun ba a nema ba, don haka aka kashe mata wannan aiki.

Haka kuma a shekarar 2001 an gano cewa allunan da ke da VIA 686B suna iya lalata manyan fayiloli yayin kwafe su daga wani faifai zuwa wani. A nan kanel yakan sauya tsarin rabon layi a kan hanyar PCI tun lokacin tashi.

Abin lura shi ne, a duk misalan nan kwamfuta tana iya ci gaba da aiki ba tare da ta nuna alamar komai ba. Mai ita ba zai ankara ba sai ranar da ya buɗe fayil ya tarar ya lalace. Wannan ne ya sa ake fifita tsaron bayanai a kan sauri.

3.2.3 Iyakar Wannan Hanya

Na farko, gyaran yakan rage sauri, don haka wajibi ne a taƙaita shi ga na'urar da abin ya shafa kaɗai, wani lokaci har sai an duba lambar zubinta. Na biyu, ba kowane lahani manhaja ke iya rufewa ba. A watan Janairun 2011 kamfanin Intel ya sanar da cewa wasu mashigan SATA na cifset ɗinsa Cougar Point suna lalacewa a hankali. Dole aka sauya allunan, kuma kamfanin ya ƙiyasta kuɗin gyara da sauyi a kan dala miliyan 700.

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa kanel ba ya warkar da cifset, lallaɓa shi kawai yake yi. Amfanin kasancewar manhajar a buɗe shi ne, duk wanda ya gano kuskure yana iya kai rahoto, kuma da zarar an shigar da gyaran, kowane mai irin wannan allo zai amfana.