Mawaƙan da Amurka ta manta, sai hotunansu a bangon takardun waƙa

Daga wajen 1880 zuwa farkon shekarun 1930, wasan bodabil na cikin nishaɗin da suka fi farin jini a Amurka. Da tikiti ɗaya, mutum zai kalli mai dabo, 'yan barkwanci, masu rawa da mawaƙa, kowa ya yi 'yan mintuna ya sauka. Manyan kamfanoni irin su Keith-Albee da Orpheum ke riƙe da gidajen wasan, 'yan wasa kuma kullum suna cikin jirgin ƙasa, yau nan gobe can.

A mafi yawan wannan lokacin, ba faifai ne ke kawo kuɗi a harkar waƙa ba, takarda ce. Kamfanonin ɗab'i, waɗanda suka yi sansani a titi na 28 a New York, wurin da ake kira Tin Pan Alley, kan buga baitoci da alamomin kiɗa, mutane su saya su je gida su buga a fiyano. Amma wa zai sayi waƙar da bai taɓa ji ba? Dole sai wani ya rera ta a dandamali tukuna.

A nan aka yi ban gishiri in ba ka manda. Mawaƙi ya saka waƙar cikin wasansa, kamfani ya ba shi na goro, ya kuma manna hotonsa a bangon takardar waƙar. Haka mai ɗab'in waƙa Charles K. Harris ya yi da mawaƙi J. Aldrich Libbey a kan waƙar "After the Ball" ta 1892, wadda ta sayar da miliyoyin kwafi. Wasu kamfanonin har fili suke bari a zanen bango, mai siffar ƙwai ko murabba'i, don su riƙa canza fuska. Shi ya sa za ka tarar da waƙa guda da hotuna daban-daban: nan wata mata da hula mai gashin jimina, can 'yan'uwa biyu cikin kwat, ƙarƙashin kowanne an rubuta cewa shi ya rera ta kuma ta samu karɓuwa. Cinikin ya yi tsada har kamfanonin suka kafa ƙungiya a 1917 don su daina biyan mawaƙa.

Saboda haka hoto a bango ba shaidar shahara ba ce, talla ce. Sai dai tallar nan ita kaɗai ta rage wa da yawansu. Kamfanonin garmaho sun fi son 'yan tsirarun mawaƙan da muryarsu ta dace da na'urar ɗauka. Ko Eva Tanguay, wadda ta fi kusan kowa tashe, faifai ɗaya tak ta yi, a 1922. To ina ga mai rera waƙa a ƙananan garuruwa?

Rediyo da silima mai magana suka zo suka ture sana'ar, har gidan wasa na Palace a New York ya koma nuna fim a 1932. Takardun kuwa suna nan. Jami'ar Johns Hopkins na adana tarin Lester S. Levy mai kimanin 30,000, kuma an ɗora hotunansu a intanet. Masu bincike kan ɗauki suna daga bango su bi sawunsa a tsofaffin jaridun sana'ar, irin su Variety da New York Clipper. Aikin da wuya, domin da yawa sunan dandamali suka yi amfani da shi, ba wanda iyayensu suka raɗa musu ba.