FASHIN BAƘI: Da za a haɗa zakarun Kano huɗu a gasa ɗaya, wa zai ɗaga kofi?

A gidajen kallon ƙwallo da teburan mai shayi na Gaya da Ajingi, akwai musun da ba ya tsufa. Da zarar an tashi daga wasan Turai, hira ta dawo gida, sai a ji wani ya tambaya: a duk tarihin ƙwallon ƙafa na Jihar Kano, wace tawaga ce ta fi ƙarfi? Dattawa kan ambaci Raccah Rovers, matasa kuwa su rabu a kan zamunnan Kano Pillars. Tun da ba za a iya tara waɗannan tawagogi a fili ɗaya ba, sai a shirya musu gasar zuci: huɗu su shiga, biyu su fito, ɗaya ta ɗaga kofi.

Wannan sharhi ya shirya irin wannan gasa bisa abin da tarihi ya tabbatar, domin a ga yadda ma'aunin da aka zaɓa ke yanke hukunci tun kafin a busa usur.

Su wa ke cikin gasar?

Ta farko ita ce Raccah Rovers ta 1978, ƙungiyar Kano ta farko da ta lashe gasar lig ta ƙasa, wadda aka fara a 1972. Ta yi hakan ne a zamanin da IICC Shooting Stars ta Ibadan ta ci kofin Afirka na masu riƙe da kofin ƙalubale a 1976, Rangers ta Enugu kuma ta ci shi a 1977. Ke nan ta sha gaban zakarun nahiya biyu a kaka ɗaya. A watan Afrilun shekarar ne kuma ta kara da Fluminense ta Brazil a Kaduna, wasan da Pele ya taka leda a cikinsa.

Ta biyu ita ce Pillars ta 2008 zuwa 2009. An kafa ƙungiyar a 1990, ta kuma ci lig a karon farko a 2008 ƙarƙashin Kadiri Ikhana. A 2009, ƙarƙashin Ivo Sajh ɗan ƙasar Sloveniya, ta fitar da Al Ahly ta Masar mai riƙe da kambun Gasar Zakarun Afirka: an tashi 1-1 a Najeriya, 2-2 a Alƙahira, Pillars ta wuce da ƙwallon waje. Ta zo ta ɗaya a rukunin da ya ƙunshi Al Hilal da Al Merreikh na Sudan da Zesco ta Zambiya, sannan Heartland ta Owerri ta yi waje da ita a wasan kusa da na ƙarshe da jimillar ci 5-0.

Ta uku ita ce Pillars ta 2012 zuwa 2014, wadda ta ci lig sau uku a jere, biyu ƙarƙashin Mohammed Babaganaru, ɗaya ƙarƙashin Okey Emordi. Zamanin Rabi'u Ali da Gambo Mohammed da Shehu Abdullahi da mai tsaron gida Theophilus Afelokhai ke nan.

Ta huɗu ita ce Pillars ta 2019 ƙarƙashin Ibrahim Musa, wadda ta zo ta biyu a lig bayan Enyimba, ta kuma ci kofin Aiteo a Kaduna bayan ta doke Niger Tornadoes da ci 4-3 a bugun fenariti. Shi ne kofin ƙalubale na farko da ta ɗauka tun kafuwarta.

Matsalolin da ke gaban alƙali

Kafin a take wasa, akwai tambayoyi uku da masu musu kan tsallake.

Ta farko, da dokar wane zamani za a buga? A 1978 mai tsaron gida na iya kama ƙwallon da ɗan wasansa ya mayar masa da ƙafa. An haramta hakan a 1992. A da ɗan gaban da ya yi kafaɗa da kafaɗa da ɗan bayan da ke tsare shi ya yi satar gida, sai a 1990 aka halatta. Canjin 'yan wasa kuwa ya tashi daga biyu zuwa uku a 1995, ya koma biyar daga 2020. Tawagar da ta saba kashe wasa ta hanyar mayar wa gola ƙwallo za ta wahala a dokar yau, wadda kuma ta dogara da benci mai ƙarfi za ta rasa makaminta a dokar jiya.

Ta biyu, a ina za a buga? Daga 2003 zuwa watan Agustan 2015, Pillars ta buga wasannin lig 202 a gida ba a doke ta ba, sai da Nasarawa United ta karya lagon da ci 2-1. Tawaga ta biyu da ta uku duk sun ci moriyar wannan katanga. Idan dukkansu masu gida ne a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, to babu wanda ke da wannan fifiko.

Ta uku, ɗan wasa na wa ne? Rabi'u Ali yana cikin tawagar 2012 zuwa 2014, yana kuma cikin ta 2019, don haka sai ya kara da kansa. Ahmed Musa, wanda ya fi kowa suna a duniya cikin waɗanda suka saka rigar Pillars, ya ci ƙwallo 18 ne a kakar 2009/2010, kakar da Enyimba ta ɗauki kofi, sannan ya tafi VVV-Venlo ta Holan a 2010. Duk wanda ya saka shi cikin tawagar da ta ci lig sau uku ya yi aringizo.

Yadda wasannin za su kasance

Idan aka jera su bisa yawan nasarori, tawagar 2012 zuwa 2014 za ta haɗu da ta 2019, ta 2009 kuma ta haɗu da Raccah Rovers.

A karawar farko, masu kofi uku sun fi hujja. Tawagar 2019 ta iya bugun fenariti, amma shekara ɗaya kafin nan, a wasan ƙarshe na kofin Aiteo na 2018 a Asaba, Pillars ta kai ga jagorantar Rangers da ci 3-0, aka farke duka, ta kuma faɗi a fenariti. Wannan tabo ne a kan iya riƙe wasa.

Karawa ta biyu ta fi wuya. Hujjar Raccah ita ce ƙarfin abokan hamayyarta a cikin gida. Hujjar tawagar 2009 kuwa ita ce ta je Alƙahira ta zura ƙwallo biyu a ragar ƙungiyar da a lokacin ta ci kofin nahiya sau shida. A gasar sili-ɗaya-ƙwale, hujja ta biyu ta fi nauyi, domin irin jarrabawar da ake magana a kanta ce kai tsaye.

Wasan ƙarshe ke nan ya zama tsakanin 2009 da 2012 zuwa 2014. A nan tarihin masu kofi uku a fagen Afirka yake zama musu kaya. A 2013 sun ci AC Leopards ta Kwango 4-1 a gida, aka ci su 3-0 a waje, suka fita ta dokar ƙwallon waje, dokar da ta ɗaga tawagar 2009. A 2014 AS Vita ta Kinshasa ta fitar da su a zagayen share fage, a 2015 kuma Moghreb Tetouan ta Maroko ta tsayar da su. Ba su taɓa kai matakin rukuni ba. Adalci ya buƙaci a tuna cewa AS Vita ta kai wasan ƙarshe a shekarar, kuma a watan Maris na 2015 'yan fashi sun buɗe wa motar ƙungiyar wuta a hanyarta ta zuwa Owerri, 'yan wasa biyar suka jikkata, kwanaki kaɗan kafin tafiya Maroko.

Duk da haka, hukuncin wannan sharhi shi ne: a gasar fitar da gwani ta gida da waje, tawagar 2009 ce za ta ɗaga kofi, ko da yake ci 5-0 na Heartland ya nuna ita ma tana da ranar rugujewa. Da a ce lig ce mai wasanni da yawa, masu kofi uku ne za su yi nasara. Tawagogin ba su canza ba, ma'aunin ne ya canza.

Darasi daga Amurka

Amurkawa sun daɗe da irin wannan musu, musamman a besbol, wasan da ake dukan ƙwallo da kulki, wanda aka riƙa rubuta alƙalumansa tun ƙarni na 19. Suna zuba alƙaluman a kwamfuta su haɗa tawagogin da shekaru da dama suka raba. Amma ko a can, abin da aka yarda a ƙirga shi ke fitar da gwani. A watan Mayun 2024 hukumar gasar ta shigar da alƙaluman gasannin baƙar fata na 1920 zuwa 1948, waɗanda wariyar launin fata ta ware, cikin kundinta. Nan take Josh Gibson ya karɓe matsayin wanda ya fi kowa iya dukan ƙwallo a tarihi daga hannun Ty Cobb. Gibson ya mutu tun 1947. Bai ƙara buga ko wasa ɗaya ba, kundi ne kawai ya buɗe masa ƙofa.

Abin da ya sa musun ya wuce nishaɗi

Pillars mallakar Gwamnatin Jihar Kano ce, shi ya sa musun kan ɗauki launin siyasa. Nasarorin 2008 da 2009 sun zo a mulkin Ibrahim Shekarau, kofuna uku a jere a mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso, kofin 2019 a mulkin Abdullahi Umar Ganduje, wanda a zamaninsa ne kuma ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu a 2022, kafin ta dawo a 2023. Kowane ɓangare na iya zaɓar ma'aunin da zai ba gwaninsa nasara: mai son wannan ya ƙirga kofuna, mai son wancan ya ƙirga nisan tafiya a Afirka.

Haka ake yi wa gwamnoni ma, ana kwatanta Audu Bako ko Abubakar Rimi da na yau, ba tare da tuna cewa Kano ta lokacinsu ta haɗa da Jigawa, wadda aka cire a 1991. Tambayar da ta kamata matashin Gaya ko Ajingi ya fara yi, a ƙwallo ko a siyasa, ita ce wa ya zaɓi ma'aunin, kuma me aka bari a waje. Tambaya ta biyu kuwa ta hukumomin wasanni na jiha ce: ƙungiyar da ake gudanarwa da kuɗin jama'a ta cancanci buɗaɗɗen kundi mai ɗauke da sakamakon kowane wasa, sunan kowane ɗan wasa da abin da aka kashe a kowace kaka, domin mai musu a Ajingi ya iya dubawa a wayarsa kafin ya rantse.