Matasan 'yan ƙwallon Wudil: Akwai ƙafa, babu takarda

A Sabon Garin Wudil ba a gama ƙwallo da busar alƙalin wasa. Daga gidan kallo ake zarcewa teburin mai shayi ko majalisa, a ɗora musu daga inda aka tsaya, musamman a watannin Janairu da Agusta, lokacin da kasuwar saye da sayar da 'yan wasa ke ci a Turai.

Wanda ya zauna ya saurari matasan zai sha mamakin yadda suka haddace dokokin gasar da ake bugawa a wata nahiya. Sun san ƙungiya a gasar Firimiya ta Ingila ba ta yin rajistar manyan 'yan wasa sama da 25, kuma daga cikinsu 17 kaɗai za su iya zama waɗanda ba a rena a can ba. Sun san 'yan ƙasa da shekara 21 ba sa shiga wannan lissafi. Idan wata ƙungiya ta sayi yaro ta tura shi aro Beljiyam ko Faransa, akwai mai bayanin cewa tun bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai sai ɗan wasa ya tara maki kafin a ba shi izinin aiki.

Musun yana sauya kama ne idan aka dawo gida. Kowace unguwa tana da yaronta: mai ƙafar hagu da ba a tare shi, ko mai tsaron gidan da ya hana ƙungiyar maƙwabta sakat a wasan ƙarshe. A nan ma ana rantsuwa, ana cewa wane ya fi wane, ana yi masa laƙabi da sunan wani gwarzon Turai. Amma da za a tambayi majalisar a wace ƙungiya yaron ke da rajista, tun yaushe, da wace ranar haihuwa, sai a yi tsit. Mutanen da suka san ranar ƙarewar kwantiragin ɗan wasan Arsenal ba su taɓa ganin katin yaron da suke tafa wa kowace yamma ba, domin sau da yawa babu katin.

Hanyar da Ahmed Musa ya bi

Duk hirar matashin ɗan wasa a Jihar Kano takan ƙare ne a kan Ahmed Musa. Abin da aka fi tunawa shi ne ƙwallaye 18 da ya ci wa Kano Pillars a kakar 2009/2010, da biyun da ya zura wa Ajantina a Gasar Cin Kofin Duniya ta 2014, da wasu biyun a ragar Iceland a 2018. Abin da ba a cika ambata ba shi ne kowane matakinsa a rubuce yake. Ya taso a makarantar ƙwallo ta GBS da ke Jos, ya buga wa JUTH, ya zo Pillars, sannan ya tafi VVV-Venlo ta ƙasar Holan a 2010, daga nan CSKA Moscow a 2012, sai Leicester City a 2016 a kan kimanin fam miliyan 16.6.

Ko a tafiyarsa ta farko sai da doka ta tsayar da shi. An haife shi ranar 14 ga Oktoban 1992, don haka bai samu damar buga wa VVV-Venlo ba sai da ya cika shekara 18 a Oktoban 2010. Wannan ita ce doka ta 19 a kundin FIFA na sauya sheƙar 'yan wasa: ba a ɗauke yaro daga ƙasarsa zuwa wata ƙasa don ƙwallo kafin ya kai 18. Akwai togaciya 'yan kaɗan, kamar idan iyayensa ne suka yi ƙaura saboda wani dalili da bai shafi ƙwallo ba, ko idan gidansu da ƙungiyar duk suna cikin kilomita 50 daga iyakar ƙasa, ko tsakanin ƙasashen Tarayyar Turai ga mai shekara 16 zuwa 18. Babu ɗaya daga ciki da ya dace da yaron da iyayensa ke zaune a Wudil.

Ke nan duk wanda ya zo wa uba da labarin zai kai ɗansa mai shekara 15 wata ƙungiya a Sifen ko Turkiyya ta sa masa hannu, muddin aka kawo kuɗin biza da na jirgi, ya zo ne da abin da doka ba ta yarda da shi ba. Ba a rasa gidajen da suka sayar da gona ko shanu saboda irin wannan alƙawari a Arewa. Tun 2023 FIFA ta dawo da jarrabawa ga dillalan 'yan wasa, kuma sunayen masu lasisi suna shafinta na intanet, wayar da ake duba sakamakon wasa da ita ta isa a bincika.

Kuɗin da ake bari a ƙasa

Inda rashin rajista ya fi ciwo shi ne wajen kuɗi, kuma nan ne majalisa ba ta cika leƙawa ba. Dokar FIFA ta tanadi hakki iri biyu ga ƙananan ƙungiyoyin da suka rene ɗan wasa.

Na farko kuɗin horarwa ne, wanda ake biya idan ɗan wasa ya sa hannu a kwantiraginsa na farko na ƙwararru, da kuma idan ya sauya ƙungiya zuwa wata ƙasa kafin ƙarshen shekarar da ya cika 23. Na biyu kaso 5 cikin 100 ne da ake cirewa daga kuɗin sayen ɗan wasa idan cinikin ya ƙetare iyakar ƙasa, a raba wa ƙungiyoyin da ya zauna tsakanin shekara 12 zuwa 23. Wannan na biyun ba ya ƙarewa da cikar shekara 23, ko yana da 30 aka sayar da shi, ƙungiyar da ta rene shi tana da rabonta.

Ga yadda lissafin yake. A ce an sayar da ɗan wasa Yuro miliyan 1. Kaso 5 cikin 100 ya kama Yuro 50,000. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana da Yuro 2,500, kowace shekara daga 16 zuwa 23 tana da Yuro 5,000. Ƙungiyar unguwar da ta riƙe yaron daga shekara 12 zuwa 17 za ta tashi da Yuro 20,000 a ciniki ɗaya tak. Ga kocin da ke sayen ƙwallo da ruwan leda daga aljihunsa, yana bin iyaye gida-gida don su bar yara su fito atisaye, wannan kuɗi ne da zai sayi riguna da takalma na shekaru.

Sharaɗin ɗaya ne: ƙungiyar ta kasance tana ƙarƙashin hukumar ƙwallo, yaron kuma yana da rajista da sunanta. Tun Nuwamban 2022 FIFA ta buɗe ofishi a birnin Paris da kuɗin ke bi ta cikinsa, kuma abin da ake dubawa shi ne fasfon ɗan wasa na kwamfuta, wato jerin ƙungiyoyin da aka yi masa rajista tun yana ɗan 12. Ba a karɓar hoton ranar cin kofi, ba a karɓar shaidar mutanen unguwa. Shekarar da ba a rubuta ba, kamar ba a yi ta ba ne. Shi ya sa ake yawan ganin koci ya yi wahalar shekara biyar, wata makarantar ƙwallo a Kano ko Abuja ko Legas ta ɗauki yaron wata shida kafin ya fita, ta yi masa rajista, kuɗin ya zama nata. Kocin ya ce an cuce shi, kuma da gaskiyarsa, sai dai babu inda zai kai ƙara.

Shekarun ƙwallo

Sai batun da kowa ya sani amma ake yi wa dariya: shekarun haihuwa daban, shekarun ƙwallo daban. A majalisa akwai masu ganin rage shekara uku ko huɗu ba laifi ba ne, tunda yaron karkara ba ya samun mai ganinsa da wuri. Hujjar tana da ɗan ƙarfi, domin wanda ya fara fitowa fili yana da 21 ya riga ya tsufa a idon masu farautar 'yan wasa. Amma zamanin da dabarar ke ci yana wucewa.

A 2009, lokacin da Najeriya ta karɓi baƙuncin Gasar Cin Kofin Duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17, wadda aka buga wasu wasanninta a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, FIFA ta fara amfani da na'urar MRI wajen ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don gano wanda girmansa ya kammala. A Agustan 2016 'yan wasa 26 na tawagar Golden Eaglets suka faɗi wannan gwaji ana dab da karawa da Jamhuriyar Nijar. Najeriya, wadda ta ɗauki kofin duniya na wannan rukuni a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, ta ci 1-0 a Abuja, aka doke ta 3-1 a Yamai, ta kasa zuwa ko gasar Afirka.

Akwai kuma illar da ba ta fito fili ba. Yaron da ya rage shekaru yakan tsinci kansa da ranar haihuwa uku: ɗaya a takardar firamare, ɗaya a katin ɗan ƙasa, ɗaya a fasfo. Ranar da ƙungiyar waje ta nemi takardu, saɓanin kaɗai ya isa a fasa ciniki. Shi kuwa mai shekara 15 na gaskiya, shi ne ake dannewa a gasar yara irin Kofin Ramat da ake yi a Kano, idan aka haɗa shi da gardi mai gemu da ya aske da safe.

Jami'a a bakin ƙofa

Wudil tana da abin da garuruwa da yawa ba su da shi. Jami'ar Kimiyya da Fasaha da aka kafa a 2001, wadda a 2022 aka sauya wa suna zuwa ta Aliko Dangote, tana cikin garin, ga kuma Makarantar Horar da 'Yan Sanda. Ƙungiyar jami'ar ta buga gasar ƙwallon manyan makarantu ta HiFL, wadda aka fara a 2018, da sunan KUST Pyramids, tare da takwarorinta irin su BUK Stallions da ABU Nobles da Desert Warriors ta Jami'ar Maiduguri.

Ɗaliban da ke bin wasannin Amurka a waya sukan kawo misalin can. A ƙwallon zari-ruga irin nasu, jami'a ce babbar ƙofa: sai matashi ya yi shekara uku da gama sakandare kafin ya shiga zaɓen da ƙungiyoyin ƙwararru ke yi duk shekara, inda ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe ke fara zaɓa. A wasan besbol kuwa ƙungiya tana da jerin mutum 40 da take karewa, 26 daga ciki ke buga wasa, kuma idan ta riƙe matashi shekara huɗu ko biyar ba ta sa shi a jerin ba, wata ƙungiya na iya ɗauke shi ta biya Dala 100,000. Hakeem Olajuwon, ɗan Legas, ta Jami'ar Houston ya bi har ya zama na farko da aka zaɓa a ƙwallon kwando a 1984.

Masu adawa da wannan misali suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Ƙwallon ƙafa ba ya jiran digiri. Wanda ya gama jami'a yana da 23 ko 24, ballantana idan yajin aikin malamai ya ci masa shekara, ya wuce lokacin da Turai ke saye. Gasar jami'o'i a nan ba ta da tabbacin kuɗi, ba kowace shekara ake jin ɗuriyarta ba, kuma babu wata doka da ta tilasta wa ƙungiyoyin Firimiyar Najeriya su ɗauki ɗan wasa daga cikinta.

Duk da haka, wanda ya ce boko da ƙwallo ba sa haɗuwa bai duba tawagar da ta ci wa Najeriya Kofin Afirka a 1980 ba. Segun Odegbami injiniya ne daga Kwalejin Fasaha ta Ibadan. Adokiye Amiesimaka lauya ne daga Jami'ar Legas. Felix Owolabi, wanda ya buga wa Raccah Rovers ta Kano, shi ma ya yi Jami'ar Legas. Amfanin makaranta ga yaron Wudil bai tsaya ga fita Turai ba. Daga cikin yara ɗari da ke atisaye da yamma, waɗanda za su ci abinci da ƙwallo ba su taka kara sun karya ba, kuma gwiwa ɗaya ce tsakanin ɗan wasa da zaman gida. Ƙari a kan haka, ɗalibi yana da abin da ɗan ƙungiyar unguwa ba shi da shi: fayil mai ranar haihuwa ɗaya, tun daga jarrabawar kammala sakandare.

Ido a kan Pillars

Ga mafi yawan yaran, burin da ke kusa shi ne rigar Sai Masu Gida, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a mota daga Wudil ba. Ƙungiyar da aka kafa a 1990 ta ɗauki kofin gasar ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta fitar da Al Ahly ta Masar a 2009 har ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka, ta faɗa rukuni na biyu a 2022, ta dawo a 2023. Magoya baya suna alfahari da Rabi'u Ali Pele, wanda ya haura shekara 40 yana cin ƙwallo, amma a majalisa ɗaya za ka ji ana tambayar wa aka tanada ya gaje shi.

A Yulin 2025 gwamnatin Kano ta naɗa Ahmed Musa babban manajan ƙungiyar. Masu kyautata zato suna ganin mutumin da ya bi hanyar da ƙafarsa zai fi kowa sanin darajar ƙaramar ƙungiya da rajistar yara tun suna 12. Wasu kuma na cewa ƙungiyar gwamnati kullum sakamakon wannan kakar take nema, don haka gogaggen ɗan wasa daga wata jiha zai ci gaba da shan gaban yaron gida. Masu horar da yara a Wudil da Gaya da Garko da Sumaila abin da suke jira bai kai wannan girma ba: a zo garuruwansu a yi gwaji a fili, a sanar da rana, a kuma rubuta sunan ƙungiyar da yaro ya fito kafin a tafi da shi.