Mulkin ƙaramar hukuma da launin siyasa a ƙauye: misalin Illela ta Adar

1. Gabatarwa

Wannan ɗan rubutu zai duba yadda ake raba iko a cikin ƙaramin gari na karkara, da abin da ke sa mutanensa su bi jam'iyya ɗaya su bar wata. Mun ɗauki misalin Illela, cikin jahar Tawa, domin a nan ne mazaunin Sarkin Adar yake, kuma daga wannan yanki ne Mahamadu Isufu ya fito.

2. Masu iko uku

Kafin zuwan Turawa, ikon Illela yana hannun Sarkin Adar, zuriyar Agabba na gidan sarautar Agadas. Faransawa ba su kashe wannan sarauta ba, sai dai sun sa ta ƙarƙashin kwamanda, tana tara lanho. Bayan samun mulkin kai, dokar 1964 ta raba ƙasa gunduma-gunduma, gwamnati na naɗa wa kowace supurefe daga Yamai.

Mai iko na uku ya zo a makare. Gagarumin taron ƙasa na 1991 ya buɗa hanyar jam'iyyu da yawa, amma zaɓen ƙananan hukumomi na Fabrairu 1999 ya ƙare cikin rikici, juyin mulkin Afrilu kuma ya share shi. Sai da aka yi dokokin 2002, waɗanda suka kafa ƙananan hukumomi 265, sannan aka zaɓi kansiloli ranar 24 ga Yuli 2004. Tun daga nan Illela ta samu purefe mai wakiltar gwamnati, da sarki mai riƙe da gargajiya, da magajin gari wanda kansiloli suka fitar daga cikinsu.

A wancan tsari, kafin rushe majalisu a 2024, a takarda aikin kowa daban ne. Magajin gari ke kula da takardun haihuwa, da kasuwa, da rijiyoyi, da ginin azuzuwa. Sarki na sasanta rigimar gona da ta manoma da makiyaya. Purefe na duba ko shawarwarin majalisa sun bi doka. A zahiri kuwa ayyukan sun shiga juna. Sarki na zama cikin majalisa ya ba da shawara ba tare da ƙuri'a ba, amma lanhon da ma'aikatar magajin gari ke dogaro da shi, masu gari ne ke karɓo shi gida-gida, su kuma suna ƙarƙashin sarki. Ke nan magajin garin da ya ɓata da fada, asusunsa ne zai fara jin jiki.

3. Launin siyasa

Tun zaɓen 1993 aka san Adar da bin jam'iyyar PNDS-Tarayya, kamar yadda aka san Damagaram da CDS-Rahama ta Mahaman Usman a wancan lokaci. Isufu ɗan ƙauyen Dandaji ne. Ya yi firaminista daga 1993 zuwa 1994, ya kuma shugabanci ƙasa daga 2011 zuwa 2021. PNDS ta kira kanta jam'iyyar gurguzu, amma ba aƙida ce ta fi jawo manomi ba. Abin da ya fi nauyi shi ne « namu ne », da fatan ɗan gida ba zai manta da gida ba.

Ƙuri'a a ƙauye ba safai take zama ta mutum ɗaya ba. Mai gida na magana da yawun iyalinsa, unguwa na bin babbanta. Ƴan kasuwa da ƴan ci-rani, waɗanda Adar ke da su da yawa a Nijeriya da Abijan da Libiya, su ne ke biyan mota da goro lokacin yaƙin zaɓe, don haka ana jin maganarsu wajen tsaida ɗan takara. Haka nan, a gidajen sarautar ƙasar Hausa, ɓangaren da bai samu gadon mulki ba yakan nemi inuwar jam'iyyar adawa.

Inda jam'iyya ɗaya ta yi rinjaye haka, babbar kokawa tana komawa cikinta. A lokacin da ake zaɓen kansiloli, da yake jerin sunaye ake zaɓa, wanda aka rubuta a sama ya kusa zama kansila tun kafin a jefa ƙuri'a. Saboda haka ranar tsara jerin ta fi ranar zaɓe zafi: wane ƙauye zai samu wakili, wace mace za a sa don cika kason da dokar 2000 ta tanada.

4. Kammalawa

An sake zaɓen kansiloli a 2011 da 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, sojoji sun rushe majalisun ƙananan hukumomi a Afrilu 2024, suka naɗa wakilai a madadin magadan gari. A Maris 2025 kuma aka rushe jam'iyyu. Cikin masu ikon nan uku, wanda talaka ke iya saukewa da ƙuri'arsa shi ne ya fita, naɗaɗɗe da sarki suka rage. Dangantakar gidaje da unguwanni da masu kuɗi da ta riƙe jam'iyyu kuwa tana nan, kuma duk wanda zai sake tsara mulkin karkara dole ya yi lissafi da ita.