Bakteriyar da Ke Cin Toluwin

Toluwin, sinadarin da ke cikin fetur da ruwan sirka fenti, yakan gurɓata ƙasa da rijiyoyi idan ya malala, amma wata bakteriya daga cikin Pseudomonas putida ta mai da shi abinci. Ƙarfinta yana cikin filasmid, wato ɗan zoben DNA da ke zaune daban da babban kundin gadonta, zoben da masana kimiyya Williams da Murray suka bayyana a 1974. Rukunin farko na ƙwayoyin gadonsa yana juya toluwin zuwa sinadarin benzowet, na biyu ya ƙarasa farfasa shi, kuma na farkon ba ya motsi sai furotin XylR ya ji toluwin ko makamancinsa, tsimin da ya cancanci yabo. Zoben kansa yakan ƙaura zuwa maƙwabtan bakteriya.